Ragon da Na Gasa a Ƙauyen Malam Isuhu

Tun da muka dawo daga Nijar ban huta da tambaya ba. A mahauta a tambaye ni, a masallacin unguwarmu ta Mabera a tambaye ni, har matar ƙanena da ba ta taɓa damuwa da inda na je ba sai da ta aiko a ji ko gaskiya ne can ana biyan mutane don su ƙyale itace ya tsaya. Amsata ɗaya ce kullum: lafiya lau muka je, lafiya lau muka dawo. Abokina Alhaji Garba dillalin shanu, wanda muka yi tafiyar tare, in ya ji na faɗi haka sai ya sunkuyar da kai yana gyaran hular da ba ta karkace ba. Na san halinsa, ba shi da zurfin ciki, wata rana zai amayar da maganar a inda ba na so. Gara in faɗa da bakina, a yi dariyar a gama, in ma abin na dariya ne.

Sunana Ummaru, barunde ne ni, wato mahauci, kuma gado na yi. Ƙungiyarmu ta mahauta da dillalai tana da wani fili a bayan gari inda muke ajiye shanun da muka sayo kafin ranar yanka. Ina yaro akwai sabara da kalgo da geza a wurin, har maraƙi kan shige ciki a yi ta nema. Yanzu fili ne fetal, ko akuya ba ta tsayawa. Dusa da harawa muke saye mu kai, su ke cinye ribar. Ana cikin haka wata Malama Hadiza, ma'aikaciyar gandun daji a wata ƙungiya mai ofis a Sama Road, ta zo taronmu ta ce akwai wani ƙauye a Nijar da makiyayarsu ta taɓa mutuwa kamar tamu, suka tayar da ita ba tare da sun dasa ko itace ɗaya ba. Ta ƙara da cewa har wani abu suke samu da ake kira kuɗin kabon. Wai itace yana shan gurɓatacciyar iskar da motoci da masana'antu ke fitarwa, ya adana ta a jikinsa da saiwarsa, manyan kamfanonin ƙasashen waje kuma su biya ladan ajiyar.

Garba ya ce, "Malama, yanzu iska aka saidawa? To mu da muka da ita banza Sakkwato mi muka jira?"

Aka yi dariya, amma aka zaɓe mu ni da shi mu bi ta mu gano wa ƙungiya.

Mun ɗauko Malama a gidanta a Arkilla da farar safiya, cikin motar ƙungiyarsu, muka kama hanyar Illela. Tun daga Kware ta buɗe baki tana yi mana bayanin abin da za mu tarar. Na ji ta ambaci kututture, na ji ta ce sassaben zamani, na kuma ji wani abu game da alama. Iyakar abin da ya shiga kunnena ke nan, domin daidai lokacin muka riski wata tirela cike da bijimai, ni da Garba muka shiga gardamar wanne ya fi nama a cikinsu. Gardamar ba ta ƙare ba sai Gwadabawa, daga nan kuma barci ya ɗauke ni. Malama ta juyo ta ce, "Baba Ummaru, kana ji dai ko?" Na ce ina ji ƙwarai. Wannan ƙaryar ita ce mafarin komai.

A iyaka an duba takardunmu ba wata matsala, sai da wani jandarma ya buɗe jakata ya ci karo da ƙunshin buhu. Ya warware ya ga wuƙaƙe biyu da adda da ƙullin yaji. Ya dube ni, ya dubi Malama. Ni ban ga abin mamaki ba, tun ina saurayi ban taɓa kwana a wani gari ba tare da kayan aikina ba, ko biki na je. Malama ta yi ta bayani, rabi da Hausa rabi da Faransancin da ta tsinta. A ƙarshe mutumin ya shinshina yajin, ya yi atishawa, ya ce lalle wannan mahauci ne, ɗan ta'adda ba zai wahalar da kansa da citta da masoro haka ba. Ya mayar mini da kayana. Sau da yawa tun daga ranar nakan ce da ma ya riƙe addar.

Birnin Ƙonni kamar Illela ce da ta sauya riga. Hausar ɗaya, fuskokin ɗaya, sai dai burodinsu dogo ne mai tauri, in ka gatsa sai dasashinka ya sani. Muka canza naira, aka ba mu sefa 'yar kaɗan, Garba ya riƙe ta a tafin hannu yana juyawa kamar an cuce shi. Muka zauna wurin wani mai gasa nama a bakin tasha. Naman rago ne mai kyau, ba zan yi masa ƙazafi ba, amma gishiri kawai ya ji, sai wani abu rawaya mai tsami da suke kira mutardi da aka shafa a gefen takarda. Na ci na yi shiru irin na mai sana'a. Garba ya ce, "Hwaɗi mana, barunde, kak ka mutu da ita." Na ce mutanen kirki ne, amma ba su san abin da ake yi wa rago ba, kuma kafin in bar ƙasar nan sai na nuna musu. Da girman kai na faɗe ta, kuma har zuciyata.

Daga Ƙonni muka yi gabas, can gaba muka sauka daga kwalta muka bi turɓaya. Taya ta fashe, ta sauyin kuma ba iska, muka zauna a gindin wata aduwa har wani mai amalanke ya kai direba inda ake faci. Wannan ya sa ba mu shiga ƙauyen ba sai bayan magariba, ban ga komai na dajinsu ba sai duhun itatuwa. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, abin da na bar musu ya isa.

Mai masaukinmu Malam Isuhu ne, dattijo siriri mai farin gemu, ba ya ɗaga murya. Shi ne shugaban kwamitin da ke tsaron makiyayar, kuma duk inda za shi yana riƙe da wata doguwar sanda mai jan ƙyalle a kai, alamar muƙaminsa. Ya sauke Malama a cikin gida wurin iyalinsa, mu kuma ya share mana zaurensa ya kawo gadon kara. Aka kawo fura da nono a ƙatuwar ƙwarya, ludayi ɗaya yana zagayawa, sannan tuwon gero da miyar kuka, da kwaɗon zogale. Bayan isha aka dafa shayi a 'yar buta, ana zubawa a ƙananan kofuna har zagaye uku, kuma wai tashi kafin na ukun rashin ladabi ne. Mu da muka saba a cika mana babban kofi da madara mu shanye mu tashi, sai muka zauna muna kurɓa kamar magani.

Malam Isuhu ya ce da safe zai tafi da Malama su gaida maigari su tara 'yan kwamiti, in rana ta yi sanyi a zagaya da mu.

"Ku dai ku huta, Alhaji," ya ce da ni. "Baƙo ba shi aiki garinmu."

Ni kuwa na riga na ƙulla abin da zan yi. A gidanmu in mutum ya karrama ka, ba da baki kake gode masa ba, da wuta da nama ne. Bayan sallar asuba na tambayi wanda ke da tumaki, aka nuna mini gidan Sanda, ƙanen Malam Isuhu. Mutum ne mai faɗin kafaɗa, ba ya yawan fara'a. Da na ce a gidan yayansa na sauka sai ya ce "to" kawai, ya kamo mini rago mai kyau. Na lura ko gaisuwa bai ce in kai wa yayan ba, amma ban sa abin a raina ba.

Na yanka, na feɗe, na gyara. Busasshen itace ba matsala, ga shi nan jibge a bayan kowane gida, har na yi mamakin yawansa. Abin da babu shi ne ragar gashi. Wannan ba ya tayar wa barunde hankali. In ba raga, sai ka kafa gwafa huɗu, ka jera sanduna a kai kamar gado, ka hura wuta a ƙasa. Sharaɗin kawai sandunan su zama ɗanyu, don busasshe zai kama wuta ya zubar maka da nama, kuma su zama miƙaƙƙu. Na ɗauki addata na zaga bayan gari, Garba yana ta minshari.

Ban yi nisa ba na shiga wani wuri da ya faranta mini rai. Kalgo ne da geza, kowane kututture an sare masa ƙananan rassa an share gindinsa, an bar sanda biyu ko uku tsaye, sun fi ni tsawo, kaurin wuyan hannu, miƙaƙƙu kamar an ja su da zare. Na ce a raina, to, nan ne wurin saran itacen garin, ga shaidar sara ko'ina, har sun rage mini masu kyau. A wurinmu daji ba na kowa ba ne, in ka ga an sara kai ma sai ka sara. Kowace sanda kuma an ɗaura mata jan ƙyalle. Na gani sarai. Na ɗauka irin camfin mutanen ƙauye ne, na tsafi ko na iskoki, har na ji tausayinsu. Na yi bisimilla na sa adda. Idon barunde ne, ban taɓa karkatacciya ba, sai wadda ta fi kowace kyau a kowane kututture.

Wata mata mai tsintar 'ya'yan gawo ta tsaya daga nesa tana kallona. Na ce mata ina kwana. Ta daɗe kafin ta ce, "Sannu da aiki, baƙo," ta juya da sauri ta nufi gari. Na ɗauka kunya ce irin ta mata.

Na kafa gadona a ƙofar gidan Malam Isuhu, inda kowa zai gani. Da na rasa igiyar ɗaure kusurwoyi sai na tuna da jajayen ƙyallayen, na kwance su na ɗaure da su tam. Ƙananan rassan na feƙe su na yi tsinken tsire. Kafin azahar ƙamshi ya cika unguwar, kuma ba yabon kai ba, ban taɓa gashin da ya kai wannan ba. Mutane suka fara taruwa, amma ba wanda ya matso. Suna tsaye a nesa, ba nama suke kallo ba, kusurwoyin gadon suke kallo. Sanda ma ya zo ya jingina da katanga ya harɗe hannuwa.

Sai ga Malam Isuhu da Malama da 'yan kwamiti. Na tare su da fara'a na ce, "Malam, ga ɗan tukuicin Sakkwatawa." Ya tsaya. Ya dubi gadon tun daga wannan kusurwa har waccan. Malama ta sa gefen mayafinta ta rufe baki. Ina jin kitse yana ɗiga cikin wuta.

Malam Isuhu ya jingine sandarsa, ya wanke hannu, ya zauna a tabarma. Ya ce, "Jama'a, baƙonmu ya yi muna alheri. Ku matso, bisimilla." Shi ya fara ɗaukar tsoka ya ci, ya ce, "Madalla, Alhaji. Ba mu taɓa cin irinai ba." Sai sauran suka zauna suna ci, ba mai magana. Ni kuwa ina ta yanka ina miƙawa ina ƙara yaji, ina cewa a raina daɗi ne ya kashe musu baki.

Malama ce ta ja ni bayan zaure. Ba ta ci ko tsinke ɗaya ba.

"Baba Ummaru, ina kas samo sandunan ga?"

Na nuna mata da hannu.

"Da jan ƙyalle gare su?"

Na ce e, na ma yi amfani da shi.

Ta rufe ido. Ta ce abin da ta yi ta faɗa a mota ke nan. Waɗannan kututturan ba matattu ba ne, saiwarsu tana nan da rai a ƙasa tun zamanin kakanni. Duk shekara suna toho, awaki su cinye, masu sara su sare. Sassaben zamani shi ne a zaɓi toho biyu ko uku mafi ƙarfi a bar su, a datse sauran, a ɗaura wa waɗanda aka bari jan ƙyalle don kowa ya san ba a taɓa su. Itacen da na gani jibge a bayan gidaje, rassan da aka datse ne. Wurin da na shiga kuma shi ne filin awo, inda masu sayen kabon ke zuwa su auna kaurin kowace sanda da abin awo irin na tela. Sandunan da na sare sun yi shekaru ana renonsu.

Na ce zan biya, ko nawa ne. Ta ce ba a nan matsalar take ba. Itacen da na sare kaɗan ne a cikin dajin, masu awo za su rubuta hasara su wuce. Abin da garin ke sayarwa a gaskiya alkawari ne, cewa abin da aka bari zai tsaya. Kuma mutumin da ya riƙe wannan alkawari tun farko shi ne wanda na gasa wa nama a ƙofar gida.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na ce wa Garba mu nemi mota mu gudu, ya ce ko hanyar ba mu sani ba. Wannan karon bai yi dariya ba, kuma rashin dariyarsa ya fi mini ciwo.

Malam Isuhu bai fasa zagayen ba. Da aka yi la'asar ya ɗauki sandarsa ya ce mu tafi, abin da ya kawo mu ke nan. Ya nuna mana yadda suka raba makiyayar kashi-kashi, shanu su ci wannan ɓangare, a rufe wancan ya huta har ciyawa ta zubar da iri. Ya nuna mana gawo da aduwa da magarya da ba wanda ya dasa, shanu kwance a inuwarsu suna tuƙa, a cikin bazara, cikinsu a cike. Ya tona ƙasa da tsinin sandarsa a gindin wani kalgo, baƙa ce mai laushi, ya ce a da nan tsandauri ne. Ya ce Fulanin da ke ratsowa da garke ma an zauna da su, an bar musu burtali, su ma suna kiyaye jan ƙyalle. Kuɗin kabon, in ji shi, yakan zo a makare kuma ba shi da yawa, sun gyara rijiya da shi, amma ko ba a biya ba ba za su koma gidan jiya ba, don dabbobinsu sun daina mutuwa kafin damina. Ina jin duk wannan da rabin kunne, domin na ga inda hanyar take nufa.

Muka iso wurin. Sararrun wuraren fari fat, ɗanyen ruwa yana tsattsafowa. Malam Isuhu ya tsuguna ya shafa ɗaya da yatsa, ya ce, "Hannunka na da kyau, Alhaji. Sara guda, ba ka farfasa ba. Za shi toho."

Daga nan aka wuce ƙofar maigari, gari duk ya hallara. A nan na ji dokar. Wanda ya sare sanda mai jan ƙyalle, shi zai ɗauko abin da ya sara a kansa, da rana, ya ratsa gari har ƙofar maigari. In ɗan kwamiti ne, ya ajiye muƙaminsa har sai kututturen ya sake toho ya kai kafaɗar mutum. Baƙo ba a yi masa hukunci, laifinsa na mai masaukinsa ne. Malam Isuhu da kansa ya kawo dokar tun farko, kuma bai taɓa ɗaga wa kowa ƙafa ba.

Maigari ya yi gyaran murya ya ce a ganinsa wannan kuskure ne, baƙo bai sani ba, kuma da niyyar alheri ya yi. Wasu suka ce haka ne. Na fara jin numfashina yana dawowa. Sai Sanda ya yi magana daga inda yake tsaye, ba da ƙarfi ba.

"Kwanan baya, da akuyata tah haihu ba ta da nono, reshe guda nis sara mata. Guda. Nid ɗauke shi bisa kai nir ratsa garin ga, ɗiyana na kallo. Ba wanda yac ce niyyar alheri ta."

Sai a lokacin na gane abin da ke tsakaninsa da yayansa.

Malam Isuhu ya miƙe. Ya ce, "Sanda ya yi gaskiya. Baƙona yas sara, ni nis sara ke nan. Ni ya kamata in gwada mai tun da dare, nib bar shi yak kwana bai sani ba." Ya je ya jingine sandarsa mai jan ƙyalle a bangon zauren maigari, ya juya ya nufi gidansa. Jama'a suka bi shi, ni ma na bi.

Wutar ta mutu, gadon yana nan, ya yi baƙi, kitse ya daskare a jikinsa. Malam Isuhu ya tuge gwafannin, ya tattara sandunan, har tsinkayen tsiren da aka zubar ya tsince, ya ɗaure da jajayen ƙyallayen. Na sha gabansa na kama ɗaurin. Na ce, "Malam, don girman Allah ka bar ni in ɗauka. Ni niy yi, ni ad da kai na ɗauka."

Ya cire hannuna a hankali. Ya ce, "Alhaji, na hwaɗa maka tun jiya. Baƙo ba shi aiki garinmu."

Ya naɗa gammo da rawaninsa, ya ɗora kayan a ka.

Tafiyar ba ta da nisa, amma ban taɓa yin mai tsawonta ba. Dattijo a gaba da ɗaurin itace, toka tana zubo masa a gemu, maiƙo yana bin wuyan farar rigarsa. Ni a baya, ƙato, hannu biyu ba komai. Mata suna leƙe ta kan darni. Duk inda muka gifta ƙamshin yajina yana biye da mu, yajin da na ɗauko tun daga Mabera don in koya wa mutane yadda ake yi wa rago. Na yi kuka a rayuwata, na rasa iyaye, na yi hasara a kasuwa, amma kunya irin ta wannan yammacin ban san akwai ta ba.

Ya sauke kayan a ƙofar maigari, ya ce a yafe masa. Aka ce an yafe. Mutane suka fara watsewa. Sanda ya shiga wani gida ya fito da buta, ya zo ya tsaya a gaban yayansa. Malam Isuhu ya sunkuya, Sanda ya zuba masa ruwa a ka yana wanke tokar. Sandar muƙamin kuwa tana nan jingine a bango.

Washegari da za mu tafi na miƙa masa addata, na ce ba na son in sake ganinta. Ya ƙi karɓa. Ya ce in tafi da ita, filinmu na Sakkwato yana da kututture a ƙasa ko ban gani ba, kuma da adda ake datse toho. Ya ba mu guzurin fura da busasshen zogale, ya raka mu har bakin gari, hannunsa ba sanda, sai ya rasa inda zai sa shi, ya riƙa goya shi a baya.

A hanyar dawowa ba wanda ya yi gardamar bijimai. Malama ta sake yin bayanin tun daga farko, wannan karon na ji kowace kalma. A taron ƙungiya na ba da labarin rabon makiyaya da gawo da rijiya, na tsallake rago. Mun killace wani ɓangare na filinmu, kuma da ruwa ya sauka sai ga sabara da kalgo suna fitowa a inda muka rantse ba komai. Maganar kabon Malama ta ce da saura, sai an ga mun iya riƙe alkawari tukuna. 'Yan ƙungiya suka ce tun da ni na je na gano, ni zan riƙa ɗaura ƙyalle. Na karɓa ban ɗaga kai ba, Garba yana ta gyaran hula.

Bayan damina na kira Malam Isuhu a waya, ina zaune a kan benci a rumfata. Muka gaisa, ya tambayi iyali da kasuwa da Alhaji Garba. Na yi ta kewaye-kewaye kafin na iya tambayar abin da ya sa na kira.

Ya ce, "Sun toho, Alhaji, da yawa. Na kewaye su da ƙaya saboda awaki. In ka samu hali ka zaka ka zaɓa muna waɗanda za a bari, na ga idonka ya san miƙaƙƙe."

Na ce, "Malam, sandar fa?"

"Tana nan zauren maigari. Ba ta ci ba ta sha."

"Tohon ya kai ina?"

Na ji kamar yana aunawa a jikinsa. Ya ce, "Ya kusa gwiwa."

Muka yi sallama. Na ajiye wayar, na dubi gwiwata, na ɗaga hannu na taɓa kafaɗata. Wani mai sayen nama yana tsaye a gabana yana ta magana, ban ji abin da yake cewa ba.